Sai da kif ya zauna kafin aka bar 'yata ta ɗaura fatar riƙo

A kulob ɗin wasan alkafura da 'yata take zuwa a nan Manchester, ba a duba shekarun yarinya kafin a ce ta fara ɗaura fatar riƙo, wato wani tsirin fata da ake ɗaurawa a tafin hannu don a ƙara riƙe sandar lilo. Akwai 'yar shekara 8 da take da ita, akwai kuma 'yar shekara 11 da har gobe da zallan hannunta take hawa sanda. Wannan abu ya daɗe yana ɗaure mana kai, mu iyayen da muke zama a bayan gilashi muna kallo, kowa na leƙen jakar 'yar wani. Ita tawa tana da shekara 5 muka sa ta, don kawai ta daina hawa mana kan kujeru da ƙofofi. Tana kaiwa 7 aka zaɓe ta cikin rukunin masu zuwa gasa, kwanakin horo suka ƙaru, daga nan kuma maganar hannu ta shigo gidanmu.

Cikin kayan wasa huɗu da mata suke yi, sandunan nan biyu su ne masu cin hannu. Ɗaya tana ƙasa, ɗaya tana sama, ta saman ta kai tsayin mita biyu da rabi. Cikinsu wani abu ne mai ɗan lanƙwasuwa da ake kira faibagilas, an lulluɓe shi da siririn katako, kaurin kowacce kuma wajen santimita 4. Yarinya ba riƙe sandar take yi ƙam ba. Tafinta yana zagaya katakon ne duk lokacin da ta yi lilo ko ta juya, ga garin alli da suke shafawa don tsotse gumi, wanda shi ma busar da fata yake yi. Da farko tafin ya yi ja, sai bororo ya fito a gindin yatsu, daga baya wurin ya yi kanta. In kantar ta yi tudu, wata rana sanda za ta kama bakinta ta ɗaye ta gaba ɗaya.

Ranar da ta fara dawo mana da irin wannan, an naɗe mata hannun dama da farar filasta. Da na kwance, sai ga wuri ja wur kamar faɗin kwabo a ƙasan yatsan tsakiya, fatar da ta saluɓe tana reto a gefe guda. Ba ta yi kuka ba a filin horo, aka ce, har ma nuna wa ƙawayenta take yi. Kukan sai da aka zo alwalar magariba, ruwa ya taɓa wurin. Da aka zuba tuwo ta manta ta sa hannu a miyar kuka mai yaji, sai ta miƙe tsaye tana yarfe hannu tana tsalle. Kwana da kwanaki da cokali ta ci abinci, ƙaninta yana mata dariya.

Abbansu ya duba hannun ya ce, "Ba akwai wata fata da nake gani manyan suna ɗaurawa ba? A saya mata mana. Nawa take?"

Washegarin da na kai ta na tsaya jiran kociyarsu. Mace ce da ta manyanta, ita ma ta yi wasan da ƙuruciyarta, ba ta da yawan magana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta kira wata babbar yarinya ta ce ta miƙo hannuwanta. Yarinyar ta fi shekara uku tana ɗaura fatar, amma tafinta cike yake da kanta, ga sabon ciwo a gefen ƙaramin yatsa, ga tabo a wuyan hannu. Kociyar ta ce mini in don a hana fata yagewa ne, kuɗina kawai zan zubar. Ta ce amfanin abin shi ne yarinya ta iya maƙale wa sanda lokacin da lilon ya yi ƙarfin da yatsunta kaɗai ba za su iya ba, ita kuwa 'yata ba ta kai wurin ba tukuna.

Ta karɓi fatar ta nuna mini yadda take aiki, kuma a nan ne na fara fahimta. Wani tsiri ne na fata mai kauri wanda ya tashi daga wuyan hannu ya ratsa tsakiyar tafi. A samansa akwai huda biyu, ta yatsan tsakiya da ta yatsan zobe, kuma ba a tura yatsun har gindi, a gaɓar farko ta wajen farce suke tsayawa. Ƙasa kaɗan da hudojin an ɗinke wani ɗan kara a kwance, bai kai kaurin fensir ba. Idan yarinya ta kama sanda, fatar sai ta naɗe a kan wannan ɗan karan ta zama kamar ƙugiya a bayan katakon. Wato an ƙara wa yatsu tsawo, an kuma mayar da wani kaso na nauyin jiki zuwa wuyan hannu inda maɗaurin yake. Shi ya sa suke sa ƙyalle mai kauri a wuyan hannu kafin su ɗaura. Gefe da gefen tafin kuwa a buɗe suke, sanda na ci gaba da gurzarsu.

Akwai wata ƙarama da ake sayar wa masu koyo, wadda ba ta da karan, tana rufe tafi ne kawai, yatsu kuma suna shiga har gindi. Na tambaya ko a ba mu wannan. Ta ce ga yaran da suke zuwa sau ɗaya a mako don nishaɗi ba laifi, amma a rukunin gasa ba ta so, domin ba ta ƙara riƙo, kuma tana hana yarinya jin sanda a tafinta. Wasu kulob ɗin suna ba da ita don yara su saba da wani abu a hannu tun da wuri. Ni dai da na ga yadda 'yata ta sha fama daga baya, ban tabbata ƙaramar za ta rage mata komai ba, saboda zaman yatsu a cikin biyun ba ɗaya ba ne.

Sharaɗin kociyar na farko, wanda ta fi nanatawa, shi ne kif. Duk wanda ya zauna da iyayen 'yan alkafura ya san wannan kalma, don ita ce take hana mu barci. Yarinya za ta yi tsalle ta kama sandar ƙasa, ta zame gaba ƙafafu a miƙe ba su taɓa ƙasa ba, ta kawo yatsun ƙafa kusa da sanda, sannan a dawowa ta ja sandar ta bi ƙafafunta har ta tsinci kanta a sama, cinyoyi a kan katako, hannuwa a miƙe. A ido bai kai daƙiƙa uku ba. Koyonsa kuwa yakan ci watanni, wasu ma fiye da shekara. Sirrin yana cikin wani ɗan juya wuyan hannu da ake yi a ƙarshe, a dawo da shi saman sanda daidai lokacin da jiki ya yi sauƙi. Kociyar ta ce wannan juyin sai an ji shi a tafi, in kuwa aka sa fata mai tauri tsakanin hannu da katako alhali yarinya ba ta riga ta kama shi ba, an haɗa mata koyon abu biyu a lokaci guda. Don haka sai kif ya zauna, ba na sa'a ba, wanda za ta yi shi ko da an tashe ta daga barci.

Sauran abin da take dubawa ba ta jera mini su a ranar ba, a hankali na riƙa tsinta. Girman hannu yana ciki, domin in tafi ya yi ƙanƙanta fatar takan mamaye shi, yarinya ta kasa rufe yatsu. Akwai kuma hankalin yarinyar kanta. Wadda za ta ɓata rabin lokacin horo tana kwancewa tana ɗaurawa, ko ta bar ɗaya a gida, ba ta shirya ba ko da ta iya komai. Sai kuma inda aka dosa da ita: in an ga nan da wata shida ko shekara za ta shiga manyan juye-juye, a nan ne ake fara lissafi.

Ba kowa ya yarda da wannan tsarin ba. Akwai kulob a gefen gari da ake ɗaura wa yara mai karan tun kafin su iya kif, hujjarsu ita ce gara a koyi komai da ita tun farko, kada a zo ana sake koyo daga baya. Hujja ce mai ƙarfi, kuma suna fitar da yara masu kyau. A ɗaya gefen kuma akwai 'yan wasan China, waɗanda da yawansu suke hawa sanda a manyan gasannin duniya da zallan hannu, iyaka su ɗan naɗa filasta, kuma an san su da ƙwarewa a wannan fannin. Dokar gasa ba ta tilasta wa kowa ɗaurawa ba. Wata uwa a rukuninmu ta gaji da jira, ta sayo wa 'yarta ta intanet ba tare da ta yi shawara ba, yarinyar ta zo da ita tana murna. Kociyar ta duba ta ce ta yi mata girma, a mayar jaka. Ba a yi wata biyu ba suka koma wancan kulob ɗin. Ban ga laifinsu ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da na lura da shi kawai shi ne, duk tsarin da aka ɗauka, mai horarwa ɗaya ya kamata ya riƙe shi daga farko har ƙarshe, domin shi zai tsaya ƙarƙashin sanda ya tare yarinya in hannunta ya kuɓuce.

Ita kuwa mai hannun, ba ciwo ne ya sa take son fatar ba. Girma take so. A wurinsu duk wadda take da 'yar jakar fata da buroshi da kwalbar fesa ruwa ta zama babba. Abin ya ƙaru a watan Agustan 2024, lokacin gasar Olamfik ta Paris, da muka zauna muka kalli Kaylia Nemour ta Aljeriya ta ci zinare a kan sandunan nan tana da shekara 17, ta zama 'yar wasan alkafura ta farko da ta kawo wa Afirka lambar Olamfik. Dama akwai hoton Beth Tweddle a bangon filin horonsu, wadda ta zama zakarar duniya a sanduna a 2006 da 2010, ta kuma ci tagulla a Landan a 2012, kuma a Liverpool ta yi horo, nan kusa da mu. Amma Nemour ce ta shiga ranta. Ta yanka tsohuwar safa ta huda ta, ta riƙa ɗaurawa tana yawo da ita a falo.

Shekarar da muka yi muna jira, aikin hannu ya dawo kaina. Bayan wanka, lokacin da fata ta yi laushi, nakan sa dutsen goge kaushi in rage tudun kantar, ba in cire ta ba, in dai daidaita ta da sauran tafin don kada sanda ta sami bakin kamawa. Da dare in shafa mata man kaɗanya. Ranar horo kuwa ba a shafa komai, don maiƙo a kan sanda haɗari ne gare ta da wadda za ta hau bayanta. In wuri ya ɗaye, a wanke da sabulu, a yanke fatar da ta mutu da ƙaramin almakashi mai tsabta, a sa mai a rufe, da dare kuma a bar yatsun a miƙe don kada wurin ya warke a tsuke ya sake tsagewa. Wasu iyayen suna ɗora jiƙaƙƙen ganyen shayi na 'yar jaka, sun ce yana rage zafi. Mu man kaɗanyarmu ya ishe mu, har iyaye biyu suka roƙa na ɗiba musu.

Hajiya ta ga hannun ta waya wata rana, ta ce, "Miƙo in gani da kyau, takwara." Ta duba ta yi dariya. Ta ce su da suka tashi da taɓarya a hannu, makon farko bororo ne, na biyu jini, daga nan hannu ya zama nasu, kuma ba wanda ya taɓa ɗaura musu fata. Sai ta juyo kaina, murya ta canza: "Amma ke, wannan wahalar ta mece ce? Biyanta ake yi?" Na ce a'a Hajiya, mu ne ma muke biya. Ta yi shiru, ta ce Allah ya kyauta.

Kif ya zo mata cikin hunturu, ya tafi, ya dawo, sannan ya zauna. Suka yi gasarsu ta farkon shekara da zallan hannu. A lokacin an riga an fara sa ta a wata sandar ƙarfe mai santsi, inda ake sa wa yara safar hannu ta auduga a ɗaure wuyan hannunsu da madauri a jikin ƙarfen, ta yadda ba za su faɗo ba. A nan suke fara koyon babban juyi: a tsaya da hannu a kan sanda ƙafafu a sama, a sako jiki a miƙe ya zagaya sandar gaba ɗaya ya koma inda ya taso. A ƙasan wannan zagayen, ƙarfin da yake jan hannu ya ninka nauyin yarinya sau da dama. Wannan shi ne lilon da kociyar take nufi tun farko. Ana gama gasa da ɗan lokaci ta tare ni a ƙofa ta ce in kawo mata yarinyar da wuri ranar Asabar, za ta auna hannunta.

Zaɓen lokacin ba haka kawai ta yi shi ba. Ta bari sai da gasa ta wuce, ga dogon hutun makaranta na ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba yana tafe, babu wani alƙali da zai ba da maki nan kusa. Ta gaya mini ƙarara cewa yarinyar za ta koma baya, in shirya wa hakan, kuma kada in yarda ta cire fatar don ta burge ni. Ta sa ta miƙe hannu a kan tebur, ta auna daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, ya ba da wajen santimita 14. Ta rubuta mini lamba da irin da take so, mai siririn jiki don ƙananan hannuwa. Ta ce kada in ƙara lamba don yarinya na girma. Wannan gargaɗi da gangan ta yi mini shi, don ta san halinmu na iyaye da sayen kaya da rara. Fatar da ta yi tsawo ita ce mai haɗari.

Maɗauri iri biyu ne, akwai na mannawa wato Velcro, akwai mai ƙarfe irin na bel. Na mannawa ya fi sauƙi ga yara, amma garin alli yana cika shi ya daina kamawa, sai ka ga yarinya tana ta ɓarewa tana mannawa kafin kowane hawa. Kociyar ta zaɓa mana mai ƙarfe biyu. Kafin in biya na rubuta wa masu sayarwa na tambaye su fatar wace dabba ce, suka amsa cewa ta saniya ce, hankalina ya kwanta. Da ƙyallen wuyan hannu da buroshi da kuɗin aikowa, abin ya haura fam 50.

Abbansu ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ɗan tsirin? Wallahi in aka kai wa baduku a Ƙofar Wambai samfuri, goma zai ɗinka miki da kuɗin nan, har da ado."

Na ce, "Yallaɓai, in ta tsinke tana sama, badukun za ka kira?"

Ya ce shi dai ya faɗi gaskiya, fatar Kano ba ta da na biyu. Ban musa masa wannan ba.

Sabuwar fata tauri gare ta kamar kwali. Ba a lanƙwasa ta da ƙarfi, don in ta yi layin karaya a wurin da bai dace ba, a nan za ta tsage wata rana. Naɗe ta ake yi a hankali a kan ɗan karan, a warware, a sake naɗewa ta ɗaya fuskar. Muka zauna muna yi muna kallon talabijin. Hudojin yatsun sun yi mata ƙanƙanta, aka ce kada a kuskura a sa almakashi ko wuƙa. Sai a naɗa samfefa a jikin fensir a riƙa gogawa a ciki kaɗan-kaɗan ana gwadawa, domin huda in ta buɗe ba ta komawa, kuma da amfani ma za ta ƙara buɗewa da kanta. Abbansu ne ya karɓi wannan aikin, mai cewa a kai wa baduku, ya zauna da tabarau a kan hanci yana hure garin fata.

A filin horo ba a bar ta ta yi komai da ita ba sai rataya da ƙananan lilo. Ta yi 'yan mintoci da fata, ta cire ta ƙarasa da hannu. A hankali aka riƙa ƙara lokacin. Ranar da aka ce ta gwada kif da ita, ina bayan gilashi. Ta zame, ta kawo ƙafa, ta ja, sai ƙirjinta ya daki sanda ta sauko. Ta sake, haka. Abin da ta yi wata da watanni tana yi ba tare da tunani ba ya ɓace ɗungurungum. Ta tsaya gaban bokitin alli tana kallon hannuwanta kamar na aro.

A mota ba ta ce komai ba sai da muka kusa gida.

"Umma, ba na jin sandar. Kamar ba ni ce nake riƙe da ita ba."

Na ce, "An gaya mana haka za a yi, Mamana."

"To a mayar musu da ita. Ni na fi iyawa da hannuna."

Na ce ba a mayar da wadda aka riga aka goge wa huda, kuma ba ni na ce ta ɗaura ba, ba ni zan ce ta cire ba, ta je ta gaya wa kociyarta da bakinta. Ta je kuwa ta faɗa. Kociyar ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce ta ba ta zuwa ƙarshen hutu, in har lokacin ba ta so, za su zauna su sake magana. Na ji daɗin wannan amsar fiye da yadda na nuna.

Sai ga sabon ciwo a inda ba mu saba ba. Maɗaurin ya riƙa gurzar wuyan hannu har ya saluɓe fata ta gefen ƙashin nan mai tudu. Muka canza ƙyallen zuwa mai tsawo da kauri, aka ɗan naɗa filasta a ƙasa, abin ya lafa. A nan na tsaya na yi tambayoyi da yawa, domin ciwon wuyan hannu iri biyu ne a wasan nan. Na fata a waje yake, ana ganinsa, yana warkewa. Akwai kuma na ciki, a ƙarshen ƙashin damtse ta wajen babban yatsa, inda ƙashin yaro yake ƙara tsawo. Wannan yawan dogara nauyi a kan hannu ne yake kawo shi, fatar riƙo ba ta maganinsa, kuma in yaro ya ce nan ne yake masa ciwo, likita ake nema a huta. Tun bayan rahoton Whyte da ya fito a watan Yunin 2022, wanda ya tattara bayanan mutum sama da 400 kan yadda aka riƙa wulaƙanta yara a wasan alkafura a Birtaniya, har da sa su horo da rauni a jiki, iyaye sun daina jin nauyin tambaya. Ni ma ban ji ba. Na sa ta nuna mini da yatsa ɗaya daidai inda yake mata zafi, na danna ƙashin, ta ce ba nan ba. Kociyar ma ta yi mata irin wannan gwajin a gabana.

Kif ɗin ya dawo kafin a koma makaranta, ba tare da wani biki ba. Fatar ta riga ta yi laushi ta ɗauki siffar sanda, ko an ajiye ta a tebur a lanƙwashe take zama. Ta koyi nata tsarin: fesa ruwa sau ɗaya, a shafa alli, a tafa hannu. Ruwa in ya yi yawa yana sa fata ta bushe ta yi ƙamas ta riƙa tsagewa, alli in ya taru ya daskare sai fuskar ta yi sumul tana zamewa, a nan buroshin yake shigowa, a kankare a tayar da gashin fatar. Maganar a zauna a sake shawara ba wanda ya ƙara tayar da ita. Abin da ba a gaya mini ba shi ne wari. Ƙyallen wuyan hannun nan in ya kwana biyu a rufe cikin jaka, sai an buɗe tagogin mota. Yanzu guda huɗu gare ta, ana wanke biyu tana sa biyu, fatar kuma a rataye take kwana, nesa da hita.

Tafinta bai daina yagewa ba. Wurin dai ya canza, ya koma gefe, kuma ya ɗan ragu. Abin da ya ƙaru shi ne ƙarfin zuciyarta a sandar sama, tana sakin jiki ta yi lilo mai faɗi ba tare da tsoron yatsu za su zame ba.

Duk ƙarshen mako nakan karɓi fatar in duba ɗinkin karan, da bakin hudojin, da wurin ƙarfen maɗauri. Fata tana miƙewa da amfani, kuma wadda ta yi tsawo tana iya zagaye sanda ta hau kan kanta ta cije, hannu ya tsaya cak alhali jiki yana ci gaba da juyawa. Karayar damtse ake samu a irin haka. An fi ganinsa a wajen maza, saboda sandarsu ta ƙarfe ce siririya, ba ta kai santimita 3 ba, tasu fatar ma huda uku gare ta. A sandar mata mai kauri da wuya ya faru, amma kociyar ba ta wasa da shi, kuma ba ta yarda yarinya ta ari ta wata ko ta gaji ta yayarta.

Da a ce ni aka bar wa zaɓi, da tun ranar tuwon nan na saya, kuma da ta yi mata yawa, da kuma ta shiga tsakaninta da kif. Duk da haka ba zan ce wa wata uwa ta jira sai 'yarta ta kai shekara 9 don tawa ta jira ba. Wata yarinyar a rukuninsu mai manyan hannuwa da yawan gumi an ba ta tun tana 8, wata kuma 'yar firit har yanzu an ce ta dakata.

Yanzu an ce mu sayi ta biyu, a fara laushe ta a hankali tana ajiye a jaka, don kada ta farkon ta tsinke ana saura kwana kaɗan gasa a rasa abin ɗaurawa. Da aka sake aunawa hannun ya ƙaru, yana kan iyaka tsakanin lambar da take sawa da ta gaba. Kociyar ta ce a ɗauki ƙaramar. Abbansu ya tambaya ko ita ma sai an goge mata huda, na ce eh, ya ce to a sayo sabuwar samfefa, waccan ta cinye.